Luguden Ci Gaba

Kazaure tana da duwatsu, tana da dam, tana kuma da Malam Mu'azzam. Duwatsun da dam ɗin kowa ya san amfaninsu. Shi kuwa Malam Mu'azzam da bakinsa yake bayyana nasa amfanin, kullum, kyauta, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Ma'aikaci ne a wani ofis, kuma mutum ne mai amana. Shekara da shekaru ba a taɓa kama shi yana taɓa aikin wani ba, ba a kuma taɓa kama shi yana taɓa nasa ba. In ka kai takarda teburinsa da safe, ka dawo da la'asar, za ka same ta lafiya lau a inda ka ajiye ta, ko lanƙwasa babu. Irin wannan riƙon amana ya yi ƙaranci a zamanin nan.

Ɗaukakarsa ta soma ne ranar da ya je Kano ya sayo kwamfuta 'yar gwanjo, irin wadda Turawa suka gama yayinta. Da ya kunna sai ya tarar mai ita na farko ya manta bai goge kiɗe-kiɗensa ba. Da wani ne ya ji abin da ke ciki, a ranar zai mayar ya ce ta lalace. Sautin kamar an zuba cokula a injin markaɗe, ga wasu jitoci suna ihu, ga wani ƙato a gefe yana gurnani kamar raƙumin da ake ɗora wa kaya. Amma Mu'azzam ba wani ba ne. Ya zauna ya saurara har ƙarshe. Kansa ya yi ciwo. Nan take ya gane cewa duk abin da zai sa mutum ciwon kai haka, ba ƙaramin ilimi ba ne.

Ya bincika a waya, ya fassara sunayen da kansa don amfanin al'umma. Akwai kiɗan dutse. Akwai kiɗan ƙarfe. Sannan akwai na manyan masana, wanda ya raɗa wa suna kiɗan ci gaba, inda waƙa ɗaya take cinye lokacin da za a ɗora shinkafa a sauke, a ci, a wanke tukunya, kuma daga farkonta har ƙarshe babu inda mutum zai kama ya yi amshi.

Teburin Halliru mai shayi ne wurin da ya fara kai wannan haske.

"Ku kuna nan kuna fama da kalangu," in ji shi, yana juya cokali a kofi. "Ba laifinku ba ne. Kowa da inda kunnensa ya tsaya. Ni dai na wuce nan. Ni yanzu kiɗan ƙarfe nake ji."

Halliru yana tsiyayar shayi, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Ƙarfe nawa?"

"Me ka ce?"

"Kiɗan. Na ce na ƙarfe nawa ne? In na safe ne ba zan samu ji ba, lokacin nake suyar ƙwai."

Kafin magariba sunan ya kama shi. Ƙarfe Nawa. Da farko ya ɗan ji zafi, amma daga baya ya lura da wani abu da ya kwantar masa da hankali: sunan nasa ya zaga gari fiye da na kowa. Har a tashar mota yakan ji baƙi waɗanda bai taɓa gani ba suna ambatonsa, suna duban agogo. Sai ya gyara zaman hularsa, ya ɗaga musu hannu, ya wuce.

Kiɗa dai ƙafa ɗaya ce ta girmansa. Ɗaya ƙafar ita ce yaji.

"Da abu biyu ake auna wayewar ɗan'adam," yakan ce. "Abin da kunnensa zai iya ɗauka, da abin da harshensa zai iya ɗauka. Miyar da ba ta sa ka gumi ba, da kiɗan da bai sa ka jiri ba, duk abincin yara ne. Ku zo gidana ku ci girkina, ku san inda duniya ta nufa."

Girkina, haka yake cewa, kuma yana da hujja. Matarsa Nafisat, 'yar mutanen Gwiwa, ita ce take hura wuta, ta yi jajjage, ta soya, ta tuƙa, ta kwashe. Shi kuma yana tsaye a ƙofar kicin, daidai inda hayaƙi ba ya kaiwa, hannuwa a goye a baya. In ta jefa attaruhu a turmi sai ya ce, "Ƙara." In ta ƙara sai ya ce, "Ƙara." Wannan kalma guda ita ce gudummawarsa, kuma a ganinsa ita ce girkin. Sauran duk wahala ce kawai, kowa ma zai iya.

A ba shi haƙƙinsa, yana ci. Yakan buɗe kularsa a ofis, mutanen teburin nesa su fara atishawa. Ya kai loma, idanu su kaɗa, hawaye su zubo, hanci ya biyo baya. In aka yi masa sannu sai ya ɗaga hannu ya ce hawayen fahimta ne, irin wanda yake zubo masa in mai jita ya kai wani wuri mai zurfi. Mai kyamis ɗin unguwarsu yana girmama wannan fahimta ƙwarai, da hannu biyu yake gaishe shi. Ita kuwa Nafisat tun watan farko ta sayi 'yar ƙaramar tukunya, take ɗibar tata miyar kafin a fara ƙara.

Ana nan sai Allah Ya sauke ta lafiya, ɗa namiji, haihuwar fari.

Kowa ya san abin da ke biye da haihuwar fari: mai jego ta tafi gidan iyayenta wanka, sai ta yi arba'in. Mu'azzam ya tashi tsaye a teburin Halliru, gaban shaidu, ya ce wannan al'ada ta ƙare a kansa.

"Matata ba za ta je ko'ina ba. Kunnen jariri kamar ɗanyar ƙasa yake, abin da ya fara takawa shi ke zama. In aka kai mini yaro ƙauye ya fara jin kiɗan ƙwarya, shi ke nan, an rufe masa gaba. A gidana zai yi arba'in, yana jin abin da ya dace."

Wannan shi ne dalilin da ya faɗa. Akwai wani da bai faɗa ba, wanda yake hana shi barci. Shi ko inda ashana take kwana a gidansa bai sani ba. Ya taɓa gwada cin abinci a wajen mai tuwon bakin tasha, ya tsaya mata a ka ya ce, "Ƙara." Ta miƙo masa gwangwanin yaji ta ce ya ƙara da hannunsa, sannan ya matsa, yana tare mata masu saye. Tun daga ranar ya san cewa a duk faɗin ƙasar nan mutum ɗaya ce take jin wannan kalma in ta fito daga bakinsa. In ta tafi, girkinsa ya tafi.

Kwana biyu da haihuwa sai ga Hajja Kaka daga Gwiwa. Ita ce kakar Nafisat, ita ta raine ta tun tana ƙarama. 'Yar tsohuwa ce 'yar firit, asalin mutanen gabas, tana dogara sanda, da jaka ɗaya a hannu. Da uwar Nafisat ce ta zo, da kunya ta ɗaure mata baki a gaban suruki. Kaka kuwa babu wannan tsakaninta da mijin jikarta. Abin da ta ga dama shi take faɗa, a kuma yi dariya dole.

Mu'azzam ya tsuguna ya gaishe ta yadda ya kamata. Amma bai iya jira ya miƙe ba, daga tsugunen ya buɗe lacca.

"Hajja, zamani ya canja. Bincike ya nuna cewa..."

"Binciken wa?"

"Na masana, Hajja."

"To masani, tashi ka zauna. Ni daga Gwiwa nake, na san gwiwar da ta gaji."

Ya koma kan tabarma. Ta buɗe zanen jariri ta leƙa fuskarsa, ta ce wannan sabon angon ya fi tsohon kyau nesa ba kusa ba, ga shi kuma bai iya magana ba tukuna. Sannan ta juyo.

"Na ji abin da ka ce a wajen mai shayi, har can ya iske mu. Ni ba na jayayya da mai gida a cikin gidansa. Abu nake dubawa da idona. Itacen wanka, da ƙauri, da yajin jego. In na ga gidan nan zai iya riƙe mai jego, sai in zauna in yi mata wankan a nan, ka ci gaba da ganin matarka. In na ga ba haka ba, ni da ita da angon nan, sai Gwiwa."

Mu'azzam ya yi murmushi irin na wanda aka kawo wa ƙara ofishinsa. Yaji! A duk abin da tsohuwar nan za ta jarraba shi da shi, sai ta zaɓi yaji.

Yajin jego ba abin wasa ba ne. Shi mai jego take ci a farfesu da tuwo, shi ake ƙullawa a ba 'yan barka su tafi da shi gidajensu. Mata sukan manta sunan yaro, amma ba sa manta yajin da aka raba ranar sunansa. Don haka Mu'azzam ya hau babur har kasuwar Babura. Ya wuce barkonon gida bai ko kalle shi ba, ya nemi wanda aka tsallako da shi daga Nijar, ƙanana masu azabar zafi, ya dage sai da sefa zai biya, don ya samu bakin cewa na ƙasar waje ne. Ya haɗo citta da kanumfari da masoro da kimba da tafarnuwa. Da ya dawo, Nafisat ta leƙo ta taga ta ga buhun, ta ce, "Malam, rabin wannan ma ya yi yawa." Ya dube ta da tausayi. Ranar babu wanda zai ce wa ƙara, sai ya ce wa kansa.

Ranar daka, da hantsi, maƙwabta uku suka shigo da taɓarensu: Dela, da Mairo, da Rahamatu. Aka mirgino babban turmi tsakar gida. A lungu guda kuma an ɗora rabin duro a kan murhu, ruwan wankan mai jego yana tafasa da ganyen darbejiya, wuta tana ci sosai. Hajja Kaka ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Nafisat tana ɓare tafarnuwa.

Matan suka ɗaure hanci da ɗankwali, suka kama lugude. Taɓarya uku, turmi ɗaya. Wannan tana fita, waccan tana shiga, ta ukun tana sama tana jiran layinta. Ba mai ƙirgawa, ba mai kallon wata. Can sai Dela ta cilla tata sama, ta tafa, ta cafe, ta zuba ta daidai inda ta bari. Mairo ta yi shewa. Sautin yana tsallake katanga, duk wanda ya ji ya san an yi haihuwa a gidan. Barkono ya fara laushi. Da an bar su, kafin azahar an tankaɗe an ƙulle.

A irin wannan rana maza ficewa suke yi. Mu'azzam kuwa ya ɗauki hutu daga ofis, ofis bai lura ba, ya fito daga ɗaki rungume da sifika mai girman akwatin aure.

"Dakata!"

Taɓare suka tsaya.

"Bayin Allah, sannunku da ƙoƙari. Amma wannan abin da kuke yi, tun kafin zuwan Bature ake yinsa. Dum, dum, dum. Ɗaya, biyu, uku, a sake. Shi ya sa yajinmu yake nan inda kakanni suka bar shi. Barkono yana jin abin da ake buga masa. In ka daka shi da kiɗan ci baya, ɗanɗanon ci baya zai ba ka. A kiɗan ci gaba, makaɗi ba ya maimaita kansa. Ya buga bakwai, ya buga biyar, ya tsaya cak. In ka zaci ya zo ƙarshe, sai ya koma farko. Shi za ku bi. Duk inda ya sa sanda, ku sa taɓarya."

Mairo ta janye ɗankwali daga hanci ta ce, "Shi makaɗin, a gidan wa ya koyi daka?"

"Ba a nan take ba, Mairo."

Dela ta waiwaya ta dubi Hajja Kaka. Tsohuwa ba ta ɗago daga tafarnuwarta ba. Ta ce, "Ku bi shi. Gidansa ne, barkononsa ne. Ni kallo na zo."

Ya danna. Matan suka ɗaga taɓare sama, suka shirya.

Sai aka ji iska tana kaɗawa. Sai ɗigar ruwa. Can nesa wata ƙararrawa ta buga sau ɗaya, ta yi shiru kamar ta yi nadama.

"Ya fara ne?" in ji Mairo.

"Shhh. Shimfiɗa yake yi."

Suka ci gaba da riƙe taɓare a sama. Iska ta ci gaba da kaɗawa. Wani ya fara taɓa jita a hankali, tsirkiya ɗaya, kamar mai neman abin da ya faɗi a duhu.

Rahamatu ta yi ƙasa da murya ta ce, "In ce dai ba rasuwa aka yi musu ba?"

"Rahamatu, don Allah."

Dela ta jingine taɓaryarta, ta tafi gidanta ta duba waken da ta bari a wuta, ta ƙara masa ruwa, ta dawo. Ana nan ana shimfiɗa.

Ba sallama, ba gargaɗi, sai abin ya fashe. Ganguna suka ruguzo kamar an juye tifar duwatsu a kan kwanon rufi. Kajin gidan suka haye katanga. Ƙaton nan ya buɗe maƙogwaro ya yi gurnani. Rahamatu ta saki taɓarya ta ja da baya tana a'uziyya.

"Malam, wannan bawan Allah ruƙiyya yake nema, ba saurare ba!"

"Waƙa yake yi! A kan halin da ɗan'adam yake ciki! Ku daka!"

Gaskiya matan sun yi ƙoƙari, don abin ya fara ba su dariya. Dela ta kamo bakwai ɗin, ta bi shi tiryan-tiryan. Tana murna sai makaɗi ya koma biyar bai gaya wa kowa ba. Taɓaryar Mairo ta sauko ta iske ta Rahamatu ba ta fita ba. Ƙwas! Suka sake. Ƙwas! Barkono ya yi tsalle ya watsu a ƙasa. Suna cikin haka makaɗi ya tsaya cak, su kuwa duka ukun suka zuba taɓare a lokaci guda, dim!

Mu'azzam ya dafe kai. "Wayyo! Nan ai shiru ne! Kun daki shirun!"

"Mun daki me?"

"Shirun! Shi ne wurin da ya fi ko'ina ma'ana a waƙar!"

Mairo ta zauna a ƙasa tana dariya tana atishawa. Dela ta riƙe ƙugu ta ce ita tun tana budurwa take daka, ta daki gero, ta daki dawa, ta daki kanwa, amma yau ce rana ta farko da aka zarge ta da dukan shiru.

Mu'azzam ya girgiza kai. Irin wannan baƙin cikin manyan mutane ne kaɗai suka san shi: ka kawo wa jama'a haske, su tsaya suna atishawa. Ya saci kallon Hajja Kaka. Tana nan tana ɓare tafarnuwarta. Ya ga lallai in ba shi ya nuna da kansa ba, tsohuwar nan za ta zaci gidan ba shi da shugabanci.

"Ba ni nan," ya ce wa Mairo.

Ranar ce aka fara ganin Malam Mu'azzam da kayan aiki a hannu. Da an san abin da zai biyo baya, da an roƙe shi ya zauna a kan tsohuwar ɗabi'arsa.

Da farko ya ce tsakiyar gida tana watsa sauti. Ya sa aka taya shi jan turmi zuwa lungu, inda katanga biyu suka haɗu, inda a cewarsa kiɗa yake taruwa. A nan lungun murhun wanka yake.

"Malam, wuta," in ji Dela.

"Wuta ai ita ce jigon waƙar."

Ya mayar da kiɗan daidai wurin da ya fi so. Ya bayyana musu cewa masu jin wannan kiɗa a ƙasashen da suka ci gaba ba sa rawa da ƙafa, da kai suke yi, sama da ƙasa. Ya gwada musu. Rahamatu ta ce ta taɓa ganin irinta wajen ƙadangare. Ya ɗaga taɓarya ya fara, kai yana sama da ƙasa, taɓarya tana sauka inda Allah Ya nufa, wani sa'in a cikin turmi. Hularsa ta zame ta faɗa ciki. Bai tsaya ba, don makaɗi bai tsaya ba. Ya daka ta tare da kimba.

"Ku lura!" ya yi ihu a kan kiɗan. "Shirun yana zuwa! Ku ga yadda ake girmama shi!"

Ya ga yadda Dela ta yi ɗazu, kuma a ganinsa abin da Dela ta iya ba zai gagari mai karatu ba. Makaɗi ya tsaya cak. Mu'azzam ya cilla taɓarya sama da dukkan ƙarfinsa, ya fara tafi, zai yi bakwai cif kafin ya cafe. Ya yi ɗaya, ya yi biyu, ya yi uku. A na huɗu barkonon ƙasar waje ya iso hancinsa.

Atishawar da ya yi har akuyar maƙwabta ta amsa. Idanunsa suka rufe. Taɓarya ta dawo ba ta sami kowa ba, ta sauka a leɓen turmi. Turmi ya yi tangaɗi, ya sunkuya a hankali cikin ladabi kamar zai gaida Hajja Kaka, ya juye duk abin da ke cikinsa a wuta.

Wanda bai taɓa shaƙar hayaƙin barkono ba, ba a iya ba shi labari. Ko ƙwaya biyu aka jefa a garwashi sai ɗaki ya watse. Wannan kuwa turmi guda ne, da citta, da masoro, da hula. Kuma a faɗi gaskiya, Mu'azzam bai yi asarar sefarsa ba. Kaya ne mai kyau.

Dela da Mairo da Rahamatu suka yi waje ba takalma. Hayaƙi ya tsallake katanga ya shiga gidan gaba, aka fara tari a can, ya wuce na gaba da shi. Tela ya bar keke da riga a baki ya fito. Masu karatu a zauren liman suka fito da littattafai a ka. Awaki suna tari irin na tsofaffi. Har teburin Halliru da ke ƙarshen layi sai da ya watse, aka bar ƙwai yana ƙonewa. Wata tsohuwa ta ce ko aljanun da ke tsamiyar bayan layi ta ga alamar sun kwashe kayansu.

Hajja Kaka kuwa, wadda ta shigo gidan tana dogara sanda, ba wanda ya ga lokacin da ta tashi. Turmi bai gama sunkuyawa ba ta shige ɗaki. Kafin hayaƙi ya kai ƙofar ta fito ta zaure, jariri a lulluɓe cikin mayafinta yana barcinsa, Nafisat a hannunta na dama, jakarta a kafaɗa. Dela ta tare musu adaidaita sahu a bakin titi, suka shige.

A cikin gida kiɗa yana nan yana ci, ba mai iya shiga ya kashe. Ƙaton yana gurnani, unguwa tana tari. Shi ne karo na farko da mutanen Kazaure suka yi wa waƙar amshi.

Mu'azzam ne ya fito a ƙarshe, da rarrafe, ba hula, idanu kamar garwashi. Ya dafa bango ya miƙe. Ya ga jama'a sun cika layi suna kallonsa da jajayen idanu, sai ya ga ai taro ne, kuma taro yana buƙatar jawabi.

"Jama'a... wannan..." Tari ya sarƙe shi. "Wannan shi ake kira... ƙololuwa. Duk wani sabon abu... da farko... sai an..."

Sai idonsa ya faɗa kan adaidaita. Ya ga jaka. Ya ga mayafi. Ya ga Nafisat a zaune a ciki tana share hawaye, kafaɗunta suna rawa, ba a san na tari ba ne ko na wani abu. Jawabi ya tsaya. Ya ruga ya riƙe ƙarfen adaidaitar da hannu biyu.

"Hajja, a yi haƙuri. Turmin ne ba shi da gindi mai kyau."

"Haka ne."

"Gobe zan koma Babura. In sayo wani. Su Dela su daka yadda suka saba, ni ko gidan ba zan zauna ba."

"Allah Ya kai ka lafiya. In an daka ka aiko mana, suna a Gwiwa za a yi."

Ya juya wajen matarsa. "Nafisat, ki yi magana mana."

Nafisat ta gyara lulluɓi. Ta ce, "Malam, akwai sauran miya a babbar tukunya. Ashana tana kan taga, bayan gwangwanin gishiri. Ɓangaren mai baƙin kai ake kyastawa."

Wani a cikin taron ya yi wata irin ƙara, ya ce tari ne.

Mu'azzam ya haɗiye yawu, ya ji har yanzu da yaji. Ya yi saurin lissafi irin na wanda ruwa ya ci. Ya sassauta murya yadda jama'a ba za su ji ba, amma jama'a sun matso.

"To Hajja, shi ke nan, na bi al'ada. Arba'in ne dai, ko? Ranar da suka cika arba'in in zo in ɗauke su?"

Hajja Kaka ta leƙa cikin mayafi ta ga angonta yana barci. Sannan ta dubi Mu'azzam da fara'a.

"Haba masani. Ɗaya, biyu, uku har arba'in, ai ƙidayar mutanen da ce, ta ci baya. Yau ka buɗe mini kai. Ta makaɗinka zan bi. In ƙirga bakwai, in ƙirga biyar, in tsaya cak. In ka zaci an zo ƙarshe, sai in koma farko." Ta taɓa kafaɗar direba. "Ɗan nan, ja mu je tasha."

Adaidaita ta tafi. Mu'azzam ya tsaya a tsakiyar layi da hannuwa a buɗe, kamar mai jiran taɓarya.

Daga cikin gidan kiɗa ya yi tsit. Unguwa ta yi ajiyar zuciya, wasu har da alhamdu lillahi. Mu'azzam kaɗai ya san ba ƙarewa ya yi ba.